Gumi, Rozin da Yatsun Alƙali: Yadda Aka Dakatar da Wani Majefin Besbol a Amurka

Wannan nazari ya bi sawun wani ɗan wasa guda a babbar gasar besbol ta Amurka, wato MLB, daga ranar da aka fara lalube shi a fili a 2021 zuwa ranar da aka kore shi daga wasa a 2023 bisa zargin danƙo a hannunsa, da abin da ya biyo baya. Ba za a ambaci sunansa ba, za a riƙa ce masa majefin. Ba ƙaramin ɗan wasa ba ne: sau uku yana cin kyautar Cy Young, wadda ake bai wa gwanin majefa na shekara, a 2013 da 2016 da 2017.

Tushen matsalar, kafin 2020

A besbol, majefi yana tsayawa a kan wani ɗan tudu, ya jefa ƙwallo zuwa ga mai bugu da ke tsaye da sanda a nisan mita 18 da ɗan ɗoriya. Burin majefi shi ne mai bugun ya kai duka ya sami iska. Ƙarfi kaɗai ba ya isa, domin manyan mabuga sun saba da ƙwallon da ke gudun kilomita 150 a awa. Abin da ke rikita su shi ne yadda ƙwallon ke wulwulawa a cikin iska. Idan juyinsa ya yi yawa, wani jifan ba ya sauka inda ido ya zata, wani kuma ya karkace gab da isowarsa. Juyin nan daga yatsu yake fitowa, kuma gwargwadon yadda yatsu suka kama fatar ƙwallon, gwargwadon yadda zai juya.

Sabon ƙwallon MLB yana da santsi. Shi ya sa kafin kowane wasa ake shafa wa ƙwallaye wani taɓo na musamman da ake ɗebowa daga yankin kogin Delaware a jihar New Jersey, al'adar da ta faro tun wajen ƙarshen shekarun 1930. Bayan taɓon, doka ta yarda da abu ɗaya rak: rozin, wato busasshen ƙaron bishiyar fain da aka niƙa aka ɗura a wata 'yar jaka da ake ajiyewa a bayan tudun jifa. Majefi na iya taɓa jakar don ya busar da hannunsa. Duk wani abu da ba wannan ba, sashe na 6.02 na dokokin wasan ya hana a shafa wa ƙwallo ko a same shi a jikin majefi. Hukuncin a rubuce yake: kora nan take, da dakatarwa ta wasa 10.

Dokar tsohuwa ce. Tun 1920 aka haramta jifa da ƙwallon da aka shafa wa yawu, ko da yake an bar majefa 17 da suka riga suka dogara da shi su ƙarasa zamaninsu a haka. Amma shekaru da dama kusan kowa ya kau da kai. Majefa kan haɗa rozin da man kare fata daga rana, ko su ɓoye ɗan kwaltar fain a bakin hula. Su kansu mabuga ba su cika kuka ba, don sun fi son majefi ya san inda ƙwallonsa zai je a kan ya kuɓuce masa ya nufi kansu. Koci kuwa ba ya tona asirin majefin abokan hamayya, tunda nasa ma haka suke yi. Sai wanda ya yi abin a bainar jama'a ake kamawa, kamar Michael Pineda na New York Yankees, wanda aka kora a Boston ranar 23 ga Afrilu 2014 da kwalta shafe a wuyansa.

Abin da ya sauya lissafi shi ne na'ura. Daga 2015 aka kafa tsarin Statcast a duk filayen gasar, yana auna juyin kowane jifa a minti. Matsakaicin jifa mai gudu yana juyi wajen 2,200 zuwa 2,300. Da ƙungiyoyi suka ga cewa ƙarin juyi ɗari biyu ko uku na iya mayar da majefi na tsaka-tsaki gwani, sai maganar ta tashi daga riƙe ƙwallo ta koma neman riba. A nan ne Spider Tack ya shigo, wani manne mai tsananin danƙo da aka yi shi domin masu gasar ɗaga manyan duwatsu.

Gargaɗin da ba a ji ba, Maris 2020 zuwa Yuni 2021

Hukumar gasar ta fara da takarda. Kafin kakar 2020 ta tunatar da ƙungiyoyi cewa ma'aikatansu ba su da izinin haɗa wa 'yan wasa irin waɗannan abubuwa. A watan Maris na shekarar ƙungiyar Los Angeles Angels ta sallami wani daɗaɗɗen ma'aikacin ɗakin 'yan wasa bisa zargin yana haɗa manne yana bai wa majefa. Ba a taɓa ɗan wasa ko ɗaya ba, kuma babu abin da ya ragu.

A Maris 2021 aka ƙara mataki: za a riƙa kwashe ƙwallaye daga wasanni ana kai su ɗakin gwaji, a kuma riƙa duba alƙaluman juyi na kowane majefi. Wannan ma tattara bayani ne kawai, ba hukunci a cikinsa. A watanni biyun farko na kakar, mabuga ba su kai ga samun bugu mai kyau a kashi 24 cikin 100 na damarsu ba, abin da rabon a gani tun 1968. Kafin ƙarshen Mayu, an yi wasanni shida da majefi guda ya kammala zagaye tara, wato wasan gaba ɗaya, ba tare da an sami bugu mai kyau ko ɗaya a kansa ba.

Ranar 15 ga Yuni 2021 ofishin kwamishina Rob Manfred ya sanar da cewa daga 21 ga wata alƙalan wasa za su riƙa binciken majefa da kansu, ko da babu wanda ya kai ƙara. Za a duba hula, safar hannu da bel. Wanda aka kama zai tafi wasa 10 da albashinsa, amma ƙungiyarsa ba za ta cike gurbinsa ba, sai ta yi wasa da mutum 25 maimakon 26. Majefa da yawa sun yi ƙorafin an sauya musu doka ana tsakiyar kaka. Tyler Glasnow na Tampa Bay, wanda ya ji rauni a gwiwar hannu a makon, ya fito fili ya ce barin manne ne ya sa shi matse ƙwallo fiye da yadda ya saba.

Daren Filadelfiya, 22 ga Yuni 2021

Majefin namu yana Washington Nationals a lokacin, kuma yana cikin manyan wakilan ƙungiyar ƙwadago ta 'yan wasa. A rana ta biyu da fara binciken aka buga da Phillies, ƙungiyar birnin Filadelfiya, a gidansu. Alƙalai sun duba shi bayan zagaye na farko, suka sake bayan na uku, ba a sami komai ba. Ana cikin zagaye na huɗu kocin Phillies, Joe Girardi, ya nemi a sake duba shi, saboda ya lura yana yawan kai hannu gashin kansa.

Majefin ya fusata. Ya jefar da hula da safar hannu a ƙasa, ya fara kwance bel, alƙali kuma ya sa hannu ya laluba masa gashi a gaban dubban 'yan kallo. Nan ma ba komai. Da ya gama zagaye na biyar yana komawa benci, ya tsare Girardi da ido, Girardi ya fito yana cacar baki, aka kori kocin. Washington ta ci 3 da 2.

Bayanin da ya yi bayan wasan shi ne muhimmin abu a wannan nazari, domin shi ne zai dawo bayan shekara biyu. Ya ce daren akwai sanyi, jikinsa bai yi gumi ba, rozin kuma idan babu danshi gari ne kawai, ba ya kama komai. Inda ya rage da laima a jikinsa shi ne gashi, shi ya sa yake taɓawa. Ya kuma kawo misalin wani jifa da ya kuɓuce masa a wasan ya kusa samun Alec Bohm, mai bugun Phillies, a kai. Wato dabarar da ya zaɓa bayan sabuwar doka ita ce rozin da gumi, abu biyu da babu wanda ya haramta.

Kwana biyar bayan haka aka yi kamun farko. Alƙali Phil Cuzzi ya kori Héctor Santiago na Seattle Mariners a Chicago, aka ƙwace safar hannunsa. Santiago ya ce rozin ne da gumi, ya ɗaukaka ƙara, ya faɗi. A watan Agusta aka kori Caleb Smith na Arizona, shi ma ya ɗaukaka ƙara ya faɗi, kuma a wannan karon ma Cuzzi na cikin alƙalan.

Igiya ta saki, aka sake ja, 2021 zuwa Maris 2023

A makonnin farko alƙaluman juyi sun faɗi a duk faɗin gasar, mabuga suka ɗan farfaɗo. Amma binciken ya zama abin da kowa ya san lokacinsa da wurinsa. Majefi ya san za a duba hula da bel a ƙarshen zagaye, don haka ba a nan zai ajiye abinsa ba. Kafin kaka ta ƙare juyi ya fara hawa. A 2022 aka umarci alƙalai su riƙa taɓa tafin hannu da yatsu kai tsaye, aka kuma daidaita irin jakar rozin da yadda ake shafa taɓo a duk filaye. Duk kakar 2022 ba a dakatar da majefin babbar gasa ko ɗaya kan manne ba, alhali juyi na ci gaba da komawa inda ya fito.

Kafin kakar 2023 hukumar ta sake aika takarda. Bincike zai fi tsanani, zai iya zuwa kafin zagaye ko bayansa, kuma wanda aka ga yana goge hannu kafin a duba shi ana iya korarsa. An kuma jaddada wani sharaɗi da ya shafi majefin namu kai tsaye: ko rozin ɗin da aka halatta, idan aka yi amfani da shi fiye da kima, ko aka shafa shi a safar hannu ko tufafi, ko aka gauraya shi da wani abu, alƙali na iya ɗaukarsa haramtacce. Takardar ba ta faɗi adadin da ya zama fiye da kima ba.

A wannan lokacin majefin ya riga ya koma New York Mets kan kwantiragin dala miliyan 130 na shekara uku, wato sama da miliyan 43 a shekara. Yana da shekara 38.

Ranar 15 ga Afrilu aka yi wani abu da ya kamata a riƙe. Alƙalai sun ji hannun Domingo Germán na Yankees da danƙo a wasa da Minnesota Twins, suka ce ya je ya wanke. Ya dawo da sauran ɗan danƙo, suka bar shi ya ci gaba. Kocin Twins, Rocco Baldelli, ya yi gardama, shi aka kora.

Los Angeles, 19 ga Afrilu 2023

Wasan rana ne da Dodgers a filinsu. Bayan zagaye na biyu Phil Cuzzi, wanda ke alƙalanci a tushe na farko, ya duba hannun majefin ya ce akwai danƙo, ya je ya wanke. Ya wanke da sifirit. Kafin ya fara zagaye na uku aka sake dubawa, Cuzzi ya ce cikin safar hannunsa na da danƙo, ya sauya wata. Ya sauya, ya jefa zagayen. Zuwa nan Dodgers ba su ci maki ko ɗaya a kansa ba.

A cewarsa, kafin zagaye na huɗu ya sake wanke hannu da sifirit a gaban wani jami'in hukumar, sannan ya shafa rozin ya haɗa da gumi. Da ya fito, Cuzzi da shugaban alƙalan ranar, Dan Bellino, suka tare shi. Kyamarori sun nuna shi yana ɗaga murya yana nanata cewa rozin ne. Cuzzi ya kore shi. Mets sun ƙarasa wasan da majefan benci, suka ci 5 da 3.

Bayan wasa kowane ɓangare ya faɗi nasa. Majefin ya rantse da ran 'ya'yansa cewa gumi ne da rozin, ya ce sai mahaukaci ne zai shafa wani abu bayan an duba shi sau biyu kuma ya san za a sake. Bellino ya ce a kaka ukun da ya yi yana duba hannaye bai taɓa jin mai danƙo kamar wannan ba, har yatsunsu na mannewa, kuma danƙon ya zauna a hannunsu zagaye biyu bayan haka. Ya ce bai san mene ne abin ba, abin da ya sani shi ne ya wuce yadda rozin ke yi. Ba a ɗauki wani abu daga hannun an kai ɗakin gwaji ba. Alƙaluman juyin jifansa a ranar kuwa ba su yi wani tsalle sama da na sauran wasanninsa na kakar ba.

Hukunci, 20 ga Afrilu

Washegari Michael Hill, jami'in hukumar mai kula da harkokin fili, ya sanar da dakatarwar wasa 10 da tara. Sanarwar ta ce danƙon da alƙalai suka ji a zagaye na huɗu ya yi tsananin da bai dace da rozin da gumi kaɗai ba, ta kuma tunatar da takardar da aka aika kafin kaka. Rahotanni sun ce tarar dala 10,000 ce.

Ya fara da niyyar ɗaukaka ƙara, amma kafin dare ya janye. Dalilinsa shi ne wanda zai saurari ƙarar jami'in hukumar ne, ba mai sasanci mai zaman kansa ba, don haka bai ga hanyar nasara ba. Mutum biyun da suka gwada kafin shi duk sun faɗi. Akwai kuma lissafin ƙungiya: majefin da ke fara wasa sau ɗaya yake fitowa a kowane wasa biyar, saboda haka wasa 10 a wurinsa fitowa biyu ce, kuma gara a fara ƙirga nan take da a ja lokaci hukuncin ya faɗo a kan wasanni masu nauyi. Rahotanni sun ce bayan janyewar an rage tarar zuwa dala 5,000. Ga mai albashin miliyan 43, nauyin hukuncin ba a aljihunsa yake ba. Yana kan sunansa, da kan sauran majefan ƙungiyar da za su ɗauki aikin mutum guda da babu.

Ranar Lahadi 23 ga wata, tsohon majefi David Cone ya yi gwaji kai tsaye a tashar ESPN. Ya shafa rozin, ya wanke da sifirit, ya sake shafa rozin, sai ga ƙwallo ya manne a yatsunsa yana reto ba tare da ya riƙe shi ba. Sifirit yana narkar da rozin ne, idan ya bushe sai ya bar shi shimfiɗe a fata da ƙarin danƙo. Ke nan wankin da aka yi don a rage matsala yana iya zama shi ya ƙara ta.

Dawowa, Mayu zuwa Nuwamba 2023

Ruwan sama ya sa an ɗage wasu wasannin Mets, sai dakatarwar ta ja har 3 ga Mayu. Ya dawo a Detroit, aka ci maki shida a kansa kafin ya kammala zagaye na huɗu. Masu zarginsa suka ce ga shaida. Wasa ɗaya bayan hutun mako biyu ba ya tabbatar da komai, kuma sauran kakar ba ta goyi bayansu ba: ya gama da nasara 13 da faɗuwa 6. A ƙarshen Yuli aka mayar da shi Texas Rangers, ƙungiyar da ta ɗauki kofin gasar a shekarar. Ba a sake korarsa kan danƙo ba a kakar.

Wasu kuwa sun biyo sahunsa. An kori Germán a Toronto ranar 16 ga Mayu, wata ɗaya bayan an yi masa sassauci. An kori Drew Smith na Mets a Yuni, Robert Suárez na San Diego a Agusta. A 2024 aka kori Ronel Blanco na Houston da Edwin Díaz na Mets. Kusan dukkansu sun musanta amfani da haramtaccen abu, kuma kowannensu ya sha wasa 10.

Abin da ya yi aiki da wanda bai yi ba

Takardun gargaɗi na 2020 da farkon 2021 ba su yi komai ba, saboda ba ɗan wasan da ya rasa wani abu. Binciken hula da bel ya yi aiki na 'yan makonni, ya mutu da aka gane jadawalinsa. Abin da ya ciji ƙungiyoyi shi ne hana cike gurbi, domin shi ne ya sa koci da abokan wasa suka zama masu asara idan an kama mutum guda. Kuma a ra'ayina hukumar ta yi daidai da ta shiga maganar. Manne irin Spider Tack ya riga ya karkatar da wasan, kuma majefin da ya ƙi shafawa shi ke biyan kuɗin gaskiyarsa.

Ta ɓangaren majefin, rozin da gumi sun fisshe shi a 2021 amma sun kai shi ƙasa a 2023, domin tsakanin shekarun an sauya tambayar. Da, ana tambayar me ka shafa. Yanzu ana tambayar yaya danƙon hannunka yake. Rantsuwarsa ta amsa tambaya ta farko, alƙalai kuwa ta biyun suke yi. Yana iya zama ya faɗi gaskiya kuma ya karya doka a lokaci guda. Wanda aka yi wa kashedi sau biyu a wasa ɗaya, ya kuma san takardar da aka aika kafin kakar 2023, ya kamata ya fito zagaye na huɗu da hannu kusan busasshe ko da jifansa zai ragu. Janye ƙarar ita ce shawarar da ta fi yi masa amfani.

Raunin hukumar shi ne ma'auninta. Gasar da ke ƙirga juyin ƙwallo a minti ta bar hukuncin wasa 10 a kan abin da yatsun mutum suka ji, ba tare da lamba ko gwaji ba, sannan ƙara ta koma hannun jami'inta. Kora ukun farko duk da Cuzzi a ciki. Wannan ba ya nuna ya yi kuskure, ƙila shi ne ya fi sauran bin umarni, amma ya nuna sakamakon ya danganta da wanda aka haɗu da shi a ranar. Tazarar kwana huɗu ce tsakanin Germán da aka bari ya ci gaba da majefin da aka kora. Ba a kuma fayyace wa 'yan wasa da me za su wanke hannu ba, alhali ruwa da sabulu da sifirit ba sakamako ɗaya suke bayarwa a kan rozin ba.

Santsin ƙwallon kansa har yanzu yana nan. A Japan ƙwallon gasarsu yana zuwa da ɗan danƙonsa daga masana'anta, majefa ba su cika neman ƙari ba. MLB ta gwada irin wannan a rabin farko na kakar 2023 a ƙaramar gasar Southern League, sai fitar da mabuga saboda kasa samun ƙwallo ya ƙaru sosai, aka koma ƙwallon taɓo a rabi na biyu. Ba a kawo shi babbar gasa ba.